Ranar da Maganin Tumbi Ya Hau Bangon Ofis

Abubuwa da yawa sun gushe mini tun da na ajiye tsintsiyar gwamnati, amma ban da ranar da aka karɓe makullin ofishin Darakta daga hannuna. Ku da kuka zo bayana, ku saurara ku san inda kuke aiki.

Lokacin farar hula sun zauna da gindinsu, arzikin mai na ta kwararowa, kowane tebur a ofishinmu na Garki an ɗora masa kwamfuta, har teburin wanda bai iya kunna ta ba. Ni Asabe ina mataki na biyu na albashi, mai shara. Oga Darakta yana can ƙololuwa, daga shi sai Babban Sakatare. Amma ni ce mai makullinsa. A aikin gwamnati wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowa na iya share baranda, ɗakin Darakta kuwa sai wadda aka gwada aka ga ko biro ba ya ɓacewa a hannunta. Daraktoci sun zo sun tafi, makulli yana ɗaure a haɓar zanina.

Wata Litinin bayan Babbar Sallah muka yi baƙi daga wata ma'aikata. Oga ya sa aka haɗa kwamfutarsa da na'urar nan mai haska rubutu a bango. Shigowata ke nan da tiren shayi, yana tsakiyar bayani, sai ga wani ƙaton ciki ba riga ya cika bango, da kwalbar magani a gefensa. Tallan maganin rage tumbi. Shi kuwa Oga, Allah Ya ba shi nasa rabon, sai ya ja kujera baya yake iya buɗe durowa. Ya rufe wannan, na caca ya fito. Ya rufe, ga wata mai man bilicin tana yi wa baƙi murmushi. Baƙin nan kowa ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana neman abin da bai faɗi ba.

Kafin azahar Malam Bala, jami'in mulki, wato mai kula da mu ƙananan ma'aikata, ya kira ni a gaban masinjoji da direbobi. Wai Oga ya ce shi bai taɓa barin abin da bai zo ta ƙa'ida ba ya shiga kwamfutarsa, kuma bayan shi ni kaɗai ke shiga ɗakin. Ƙila da sassafe ina barin wani ya zauna yana latse-latse. Na ce masa ni da abin nan tsumma ne kawai ya haɗa mu. Ya ce sai an bincika, in kawo makulli, in koma wankin banɗakin ƙasa. Wankin bai dame ni ba, aiki ai aiki ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a ce Asabe ta ci amana, da furfurarta.

Washegari aka turo Talatu daga sashen kwamfuta, 'yar garin Paikon Kore, mace mai sanyin magana. Na ce sai na tsaya a kanta, tunda sunana ne za a wanke ko a binne. Oga ya ɗaga hannu ya ce a bar ni.

Tun kafin ta zauna ya ce kada ta wahalar da kanta da abubuwan da shi ya bari suka shiga, duk masu sa hannu ne, ta nemo wanda aka shigar ta bayan gida. Ta tambaye shi yadda ya sani. Ya ce duk sanda ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfuta yana neman izini, yakan duba, in ya ga sunan kamfani da shaidar an tabbatar, sai ya amince. Haka aka koya masa tun yana ƙaramin akawu: abin da ya iso teburinka da sa hannu da hatimi, riƙe shi ne laifi.

Talatu ta ce to, Oga, amma ya bari ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana gaya mini abin da take yi, don ta ga na kafa ido. Ta ce fayil mai sa hannu yana ɗauke da sunan wanda ya ƙera shi, da shaidar ba a taɓa shi a hanya ba. Sai ta danna, suna ya fito. In na babban kamfani ne da ta sani, ta wuce. In baƙon suna ne, ta aika fayil ɗin wani shafi inda na'urorin farautar ƙwarin da ke ɓata kwamfuta ke taruwa su shinshina shi. Kore lafiya, ja matsala. Wannan kam ko ni da ban yi boko ba na iya karantawa.

Can sai wani fayil ya jawo ja reras kamar shanyar barkono. Sa hannunsa kuwa lafiya lau. Ta ce irinsa aikinsa ke nan, ya laɓe a ciki yana turo talla, kuma yakan biyo bayan abin kyauta ne. Ta duba lokacin da ya shiga: bayan la'asar, sa'ad da ni na daɗe da kama hanyar gida. Tare suka shigo da wata manhajar kallon ƙwallo ta kyauta.

Har direbobi sun san wanda ke rufe ƙofa ya ce yana mitin in ana buga wasa.

"Amma ai da sa hannu," in ji Oga.

"Sa hannu ya gaya maka ko wane ne, Oga," in ji Talatu. "Bai gaya maka halinsa ba."

Oga ya yi gyaran murya, ya ce kamfanonin nan ba su da tsoron Allah, laifinsu ne. Babu wanda ya musa. Talatu ta cire abin, ta tafi.

Ina shirin tashi Malam Bala ya tare ni a lungun bene, mu biyu, yana miƙo mini makulli. Na mai da hannuwana baya.

"Malam Bala, a ina ka karɓa?"

"Haba Mama, magana ai ta wuce."

"Inda ka karɓa, can za ka mayar."

Na ci gaba da wankin banɗakina. Wanda aka ba sharar ɗakin Oga ya fasa masa kofi, ya haɗe takardun da aka gama da waɗanda ba a gama ba. Kafin Juma'a Malam Bala ya tara masinjoji da direbobi, ya faɗa da bakinsa cewa an bincika, ba hannuna. Sannan na karɓa. Oga ya zo wucewa ya ce, "Mama Asabe, ashe kina nan?" Na ce ina nan, ranka ya daɗe, inda aka ajiye ni.

To, ku ji. Laifi a ofis kamar ruwan wankin bene ne, daga sama yake gangarowa, ba ya tsayawa sai a kan mai mataki na biyu. Ku roƙi Allah Ya haɗa ku da mai buɗe fayil, ba mai duban muƙami ba. In kuma aka ƙwace mutuncinku a gaban jama'a, kada ku yarda a mayar muku da shi a lungu.