Mama Odessa da riga mai lamba uku

A ƙarƙashin zauren ƙwallon kwando na garinmu, idan ka wuce ɗakin wanki ka karya hagu, akwai wani ɗan ɗaki marar taga. Nan Odessa Pettiford ta shekara talatin da ɗaya tana ɗinka sunayen 'yan wasa a bayan riguna. Gajera ce, ko ta hau kujera ba ta kai kafaɗar wasunsu ba, amma duk ƙaton da ya shigo sai ya rusuna ya ce Mama Odessa, ita kuma ta ce masa ya kauce, ya tare mata fitila.

A coci ta koyi ɗinki, wajen gyaran rigunan mawaƙa. Wata shekara telan ƙungiya ya kwanta ciwo, aka ce ta zo ta riƙe na mako biyu. Telan ya warke ya dawo, amma bai daɗe ba aka sallame shi, saboda ya faɗa wa surukinsa sunan da ya ɗinka da safe, kafin la'asar kuwa labari ya kai gidan rediyo.

A wannan sana'a ba a shawara da ɗan wasa. Manyan ofis sukan yi musayarsa da na wata ƙungiya, ya wayi gari ɗan nan, ya kwana ɗan wani gari. Al'ada ce kuma sabon zuwa ya ɗaga rigarsa a gaban masu hoto da saukarsa daga jirgi. Don haka tun ba a ƙulla magana ba ake turo wa Odessa 'yar takarda ruwan ɗorawa, suna da lamba, ta ɗinka ta lulluɓe da zane. Sunan yakan gaya mata mai zuwa. Lambar ita ke gaya mata mai tafiya, tunda mutum biyu ba sa sa lamba ɗaya.

Mijinta Cleophus, tsohon direban bas, babu dabarar da bai gwada ba. Ya gwada da gasasshen haƙarƙari, ya gwada da fushi, har ya taɓa yin kamar yana sambatu cikin barci ko za ta yi masa gyara. Ko harafi ɗaya bai taɓa samu ba. A shagon aski yakan ce shi kam asusun ƙarfe ya aura, kuma ba a ba shi makulli ba.

Bana ƙungiya ta sha kashi fiye da yadda ta ci, tun Kirsimeti kuma duk mai waya a garin yake buga wa rediyo yana cewa a sauya su biyun nan, Lemuel Treadway mai lamba uku da Tavion Oakes mai sha ɗaya. Su ne masu ɗauko ƙwallo daga baya su raba wa dogaye, su ne hotonsu ke jikin motocin bas. Ranar Alhamis da ƙarfe uku na rana za a rufe ƙofar musaya ta shekara.

Litinin takarda ta sauko, sunaye biyu baƙi, lamba uku da sha ɗaya. Talata da safe Mista Halvorsen, manajan ƙungiya, ya bugo ya ce ta dakata. Da yamma ya ce ta ci gaba. Laraba ya ce ta farke ta sha ɗayan, kafin ta lalubo almakashi ya sake bugowa ya ce kada ta taɓa komai. Ba mugu ba ne, mutum ne siriri mai gyambon ciki, wanda mai ƙungiya ke bugo masa waya yadda shi ma yake bugo wa Odessa.

Ita dai Lemuel ne ya tsaya mata a rai. Yana ɗan shekara ashirin ya zo daga Mississippi, bai san kowa ba, ya shigo neman maɓalli ya ƙare da cinye mata abincin rana. Shekara tara ke nan, kuma har yau bai biya ba.

Larabar nan bayan atisaye ya shigo ya zauna a kan akwatin zare. Ta ce masa akwatin bai yi masa laifin komai ba. Ya ce ai ya rame. Ta ce to ramar ba ta sanar da ƙugun wandonsa ba, ita ke aunawa. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, tun lokacin yake lallashinta ta dawo wurinsa, sai watan jiya ta yarda. Ya samo mata likita a nan, ya sa an fasa matakalar ƙofar gida an yi gangare don keken guragu. Gobe da sassafe motar kaya za ta loda gidanta kaf. Ya tambayi Mista Halvorsen, shi kuma ya dafa shi ya ce ai shi ɗan gida ne, wanda kowa a sana'ar ya san ita ce maganar da ake faɗa wa mutum kafin a miƙa masa tikitin jirgi.

"Mama, ba suna nake tambaya ba," in ji shi. "In ce su loda, ko kada su loda?"

Rigar mai lamba uku tana ƙarƙashin zane, taƙi ɗaya daga gwiwar hannunsa. Odessa ta tuna telan nan, da yadda ya fita da kayansa a kwali. Shekararta sittin da uku, kuma allurar sukarin Cleophus da ganin likitansa duk a kan takardar aikinta suke rataye. Ta kuma tuna mahaifiyar tasa, tsohuwar da ba ta taɓa gani ba, ana ɗaukar ta ana sa ta a mota. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta yaye zanen.

Lemuel ya daɗe yana kallon lambarsa da sunan wani a samanta. Can ya ce sunan ma ko daɗin faɗa babu.

"Kada ka ɗauka na san wani abu, ɗana," ta ce. Ta jawo masa aljihun tebur na ƙasa, cike da riguna a ninke, sun fi arba'in, duk na mutanen da ta ɗinka wa suna kuma ba su taɓa taka garin ba. "Wannan ma tana iya shiga nan. Su na sama ba su sani ba, balle ni. Amma da uwata ce, zan ce mota ta jira har Juma'a."

Nan take ya buga wa mahaifiyar, ya buɗe muryar wayar don Odessa ta ji. Madam Verlene Treadway ta saurare shi har ƙarshe, abin da ya ce ba ta cika yi ba. Sannan ta sanar da shi cewa ranar Lahadi coci ya yi mata walimar bankwana, fasto ya yi kuka, ta raba kajinta, ta ba maƙwabciya injin wanki, kuma maƙwabciyar ba mai mayar da abu ba ce.

"Na yi kuka a gaban jama'a, Lemuel. Ba zan koma ranar Lahadi in ce musu wasa nake ba. Su loda. Kuma wace ce wannan take huci kusa da kai?"

Ya ce mai ɗinki ce. Ta ce a gaishe ta, ta kashe waya.

Alhamis Odessa ba ta iya zura zare a allura ba. Ta share ɗaki sau biyu, ta jera maɓallai bisa launi. Saura minti goma sha biyu ƙarfe uku ta buga, Mista Halvorsen ya kira, muryarsa kamar ta wanda ya kwana yana tura mota. Tavion zai zauna, Lemuel zai tafi, can ƙarshen ƙasa wajen teku, tafiyar awa biyar a jirgi, kuma gobe ake son ganinsa. Ya ce ta aiko da mai lamba uku. Ta goge ta, ta aika. Ba wanda ya tambaye ta ko ta faɗa wa wani. Sirrin shekara talatin da ɗaya ta fasa, ko kurtun ofis bai lura ba.

A gida ta kasa riƙewa, ta gaya wa Cleophus abin da ta aikata. Ya ajiye cokali, ya dube ta cikin ɓacin rai na gaske, ya tambaye ta me yaron nan ya ba ta wanda shi bai taɓa ba ta ba. Duk da haka shi ya tuƙa ta washegari zuwa gidan Lemuel, da makullin da ya bar mata kafin jirginsa ya tashi da hantsi.

Motar kaya ta iso da azahar, wata ƙaramar mota na biye da ita. Aka sauko da Madam Verlene a keken guragu, da hular coci a kanta. Ta dubi sabon gangaren siminti, ta dubi gidan, ta dubi Odessa.

"Ke ce mai hucin?"

Odessa ta ce ita ce. Ta yi mata bayani cewa an mayar da ɗanta wata ƙungiya, har ya tafi, ya ce zai nemi gida a can, ko wata biyu, ko uku, idan su ma ba su sauya shi ba kafin nan. Tsohuwar ta tambaya ko a can ma akwai mai ɗinki. Odessa ta ce akwai, amma kada ta sa rai.

Masu motar suna tsaye da takarda a hannu, suna son sanin ko su sauke, don gobe suna da wani aiki. Kowa ya juyo yana kallon Odessa, har Cleophus, kamar ita ce mai sani.

Madam Verlene ta ce su sauke gado kawai, sauran a gani tukuna. Babban cikinsu ya ba ta haƙuri, ya ce gadon shi suka fara lodawa, yana can ƙuryar mota bayan komai. Haka suka sauke gidan Mississippi gaba ɗaya a falon, kwali a kan kwali, babu wanda aka rubuta wa suna. Tsohuwar ta ce shayi take so, kuma a butarta. Odessa ta tuɓe rigar sanyi, ta ari wuƙar Cleophus, ta fara da kwalin da ya fi kusa.