Magen da na ɓoye cikin hijabi

Mun kusa Ƙofar Na'isa ne na ji ɗumin da ke kan cinyata ya gushe. Na lallaɓa hannu cikin hijabina, wayam. 

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Kakata ta rasu a Koki, aka zo kwashe kayanta, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama, babu wanda ya waiwayi magenta. Na roƙi Yayana mu tafi da ita, ya ce motarsa ba ta ɗaukar mage, kada ma in sake yi masa zancen. Wata maƙwabciya ta ba ni kwando mai murfi, na ƙi karɓa don kada Yaya ya gani. Sai na cusa ta cikin hijabi na shige kujerar baya, ina jin kaina mai dabara.

Wallahi na ga jelarta lokacin da take shigewa ƙarƙashin kujerarsa. Na gani da idona. Kalma ɗaya ta isa ya tsaya a gefen titi, amma tsoron faɗansa ya ɗaure min baki. Ina ta salati a zuci, shi kuwa yana ta tsokanata, wai yau 'yar surutu an ɗinke mata baki. Sai ga mai Adaidaita ya yanko gabanmu. Yaya ya taka birki, birki ya ƙi zuwa ƙasa, ashe magen ta shige ƙarƙashinsa, ta tsala wata ƙara da har yau nake jin ta a kunnena. Ya murza sitiyari muka faɗa kwata, kaina ya daki ƙarfen ƙofa. Magen nan take ta mutu.

'Yan uwana mata, dabba ba jaka ba ce. Ku sa ta a kwando mai murfi, ku ajiye a baya, direba ya san da ita. In ta kuɓuce, ku yi magana ko da za a zage ku. Ni shiruna ne ya kusa kashe mu.

A asibiti na yi ta amai, aka ce sai an ɗauki hoton kaina, ana gudun ko jini ya taru. Bayan la'asar likita ta shigo ta ce babu komai, zan iya tafiya gida. Yaya da ke bakin gado, hannunsa a naɗe, ya sauke ajiyar zuciya ya ce in saka takalmina. Har yau bai yi min faɗan ba, ni kuwa da ma ya yi.