Takardar da Masinja Bai Kai Ba

Shekara talatin da ɗaya Masinja ya yi yana hawa da sauka a benen wata ma'aikata, fayil manne a ƙirji. Bai taɓa ɓatar da takarda ba, ba a kuma taɓa ba shi kujera ba. In an ce ya jira, a bakin ƙofa yake jira, yana sauya ƙafa. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, shi kuma ya sayi kujera mai hannu ya kafa ta a bakin taga, ya ce shi da tashi sai dai salla.

Zaman ne ya gagara. Minti biyar ƙafa ta fara kaɗawa. Ya duba famfo, ya gyara agogon da babu abin da ya same shi, ya leƙa kicin.

"Malam, don Allah ka nemi wuri ka zauna," in ji matarsa. "Jiri kake sa ni."

"Ai hutawa nake."

"A tsaye?"

Ana haka 'yarsu Auta ta dawo wurinsu da jaririnta, don mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai ga gida ba. A ɗakin magani na wani asibiti take aiki, hutun haihuwarta kuma zai ƙare ran Litinin. An shirya kakar za ta riƙa riƙe yaron da rana. Yaron ne kawai ba a yi shawara da shi ba.

Kuka yake tun safe. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce lafiyarsa ƙalau, abin da ya ƙara ɓata wa kowa rai. An goya shi, an jijjiga, an yi masa wanka da ruwan ɗumi, an kunna fanka, an kashe. Maƙwabciya ta ce iska ce a cikinsa, wata ta ce halin dangin uba ne. Masinja ya sa masa suna Darakta, wai don yana ihu kuma ba ya faɗin abin da yake so. Shi dai ba a taɓa miƙa masa yaron ba. An ce hannunsa na takarda ne.

Ran Alhamis Auta ta gwada fita ta awa biyu. Ta dawo ta tarar da uwarta zaune a ƙasa, ɗankwali a hannu, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Da safiyar Juma'a ta rubuta takarda ta liƙe ambulan.

"Baba, ka kai min ofis. Kai ne ba ka ɓatar da takarda."

"Ta mece ce?"

"Ta ajiye aiki."

Shekara huɗu ta yi tana neman aikin nan, shi ne ma ya riƙa kai mata takardun nema. Amma masinja ba ya gardama da ambulan. Ya sa ta a aljihu, ya sa hula. Auta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Daidai nan tukunya ta fara zuba a kicin.

"Riƙe min mai gidan nan minti ɗaya," in ji matarsa, ta ɗora masa Darakta.

Ya riƙe shi yadda ya iya riƙe abu: manne a ƙirji, hannun hagu a ƙasa, na dama ya tallafe sama. Ƙafar da ta ji takarda a aljihu kuwa ba ta san tsayuwa ba. Sai ga shi yana sauka daga benen gidansu da ɗan gajeren takunsa mai sauri. A hawa na farko kuka ya koma shessheƙa. A bakin titi shiru. Ya tsaya ya duba ko lafiya, Darakta ya buɗe baki. Ya ci gaba.

"Baba Masinja, an koma aiki ne?" in ji mai faci.

"Na gaggawa ne."

A mararraba, yana jiran motoci su wuce, yaro ya fara mutsu-mutsu. Ya shiga sauya ƙafa kamar a ƙofar ofis, yaro ya lafa. Can gwiwa ta dame shi, ya ga benci. Bai gama lanƙwasawa ba aka tsala ihu.

"Na tashi, ranka ya daɗe."

A ƙofar asibitin mai gadi ya tambaye shi wurin wa ya zo. Masinja ya taɓa aljihu. Ya dubi yaron yana barci, miyau ya jiƙe masa gaban riga. Takwas zuwa huɗu Auta ke aiki. Shi ma haka ya yi shekara talatin da ɗaya, kuma wannan Daraktan ko shayi ba ya aike a sayo.

"Wucewa nake," ya ce.

Ya tarar da matarsa a saman bene, hannu a ka.

"Ka fita da ɗan mutane ko hula babu! Mun duba har ƙarƙashin..."

Sai ta ji shirun, ta rage murya. Auta ta fito, idanu jajur.

"Baba, ka kai?"

"Na je."

"Sun karɓa?"

"An ce a dawo gobe."

"Gobe Asabar, Baba."

"To, haka dai ake cewa."

Bai tsaya ba, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Auta ta bi shi da ido har sawu uku, sannan ta shiga ta ɗauko farar rigar aikinta ta jona dutsen guga.

Yanzu duk unguwar ta san shi: tsoho da yaro a ƙirji, kwalbar nono a aljihun dama, ambulan a na hagu. Kujerar kuwa matarsa ce ke zama a kai, ta ce ba ta taɓa jin daɗin ritaya irin tasa ba. In Auta ta tsokane shi da zancen takardarta, yakan ce tana kan hanya.