Garar Gidan Hedimasta Gershon

Ranar da Gershon Kambai ya yi ritaya daga aikin hedimasta, mutanen unguwarsu a Kafanchan sun ɗauka sun huta. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, ashe da ya rasa ɗalibai kan dangi zai juyo. Ya sayi jaka mai zik, ya sa aka buga masa kati mai cewa shi masanin tarihin iyali ne, sannan ya miƙe a coci ya sanar cewa zai rubuta littafin zuriyar Kambai, a raba a taron dangi na Kirsimeti a Fadan Kaje.

Daga nan babu akwatin da ya tsira. Sai ya faɗo gida babu sanarwa, ya sha ruwa, ya sa a zazzage kayan tsohuwa a tsakar ɗaki. In ya tarar da hoto ya sha laima ko ɓera ya ɗanɗana gefensa, sai ya cire tabarau ya fara wa'azi: "Mutanenmu ba su san darajar rekod ba. Shi ya sa har yau muke baya." Wata gwauruwa a Gwantu har kuka ta yi, don ya ce ta binne mijinta sau biyu da ta bar hoton aurensu a ƙarƙashin katifa. Shi ɗin da yake sa yara noman filin makaranta in sun kuskura sun yi yaren gida a aji, yanzu shi ne ke zaga gari yana kukan yare zai mutu.

Littafin ya yi kauri. Kakan kakansa, wanda ba wanda ya taɓa gani, ya sami shafi goma sha biyu da damisa uku da aka ce ya kashe. Babi ɗaya ne ya ƙi ciwuwa, na mahaifiyarsa Kasham. Ta rasu yana da shekara tara, ga shi yanzu da saba'in da huɗu, kuma fuskarta ta ɓace masa sarai. Yakan rufe ido ya nema, sai ya ga zanen da aka lulluɓe ta da shi kawai. Wannan abu yana cin ransa ƙwarai, ko matarsa Mildred bai gaya wa ba. A gaskiya duk wannan yawon tone akwatuna hoton mace ɗaya yake nema.

A falonsa akwai wani hoto siriri da aka ɗauka kusa da tashar jirgin ƙasa yana yaro. Mahaifinsa mai bishara na zaune da Littafi Mai Tsarki a cinya, shi kuma yana tsaye a gefe da gajeren wando. Daga kafaɗarsa ta hagu hoton ya ƙare. Duk baƙon da ya tambaya, amsar ɗaya ce: gara ta ci wajen da Mama take. Ya faɗa har ya yarda, har ya sa a gabatarwar littafin, da sakin layi guda kan illar gara ga tarihin Afirka.

Saura sati uku a kai littafin maɗaba'a ya je ƙauye wajen yayarsa Yemima, wadda ya bari sai ƙarshe don ba ta yi boko ba, bai ga abin da za ta sani ba. Ya same ta tana tsaga citta a bakin rumbu. Ya fito da hoton daga jaka, ya soma mata faɗa kan sakacin gidan nan, da aka bar ƙwari suka cinye uwar mutane.

Yemima ta karɓa, ta bi gefen hoton da yatsa daga sama har ƙasa.

"Malam, wannan garan ya yi makaranta," in ji ta. "Dubi yadda ya ci a miƙe."

"Yaya, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Kai ne ka yanke shi. Lokacin da kake kwalejin tica, za ka kawo Mildred ya ga gida. Ka ce Mama ya ɗaura ganye gaba da baya a hoton, yarinyan fasto ba zai aure ɗan arne ba. Ka aro almakashi wajen tela."

Gershon ya gyara tabarau, ya ce ai tsufa kan rikita tunani, kuma a ilimin tarihi ba a dogara da shaidar baka.

"To," in ji ta. "Ina dafa acca ka jefa guntun da ka yanke a murhu. Na sa hannu in cire, ka ture ni." Ta miƙa masa bayan hannunta na dama, inda fata ta tattare ta yi haske. "Ga rekod."

Ta koma kan cittarta. Ya zauna a wajen har ruwan da ta kawo masa ya yi ɗumi bai sha ba. A mota yana komawa Kafanchan ya tuna almakashin, har da jan tsumman da aka naɗe a mariƙinsa. Fuskar dai ba ta zo ba.

Ranar Litinin ya kai hotunan shagon Doreen, mai buga katin biki da takardun jana'iza. Ba ta taɓa ganin ya shigo bai gyara mata Turancin allon shagonta ba sai ranar. Ta sa siririn hoton nan na falonsa a na'ura, ta faɗaɗa shi a kwamfuta har kan yaron ya cika fuskar allon, tana share ɗigo-ɗigon tsufa. Da ta iso kafaɗar hagu sai ta tsaya.

"Dadi, akwai wani abu a nan. Kamar yatsu ne."

Ya matso. Abin da ya shekara hamsin yana ɗauka ninkin riga ne, ashe yatsu huɗu ne, gajeru, masu kaushin noma, sun riƙe kafaɗar yaron gam don kada ya motsa. Almakashi ya bi ta wuyan hannun.

"In goge ne?" in ji Doreen. "Yana ɓata hoton. Minti ɗaya zan cire shi, ba wanda zai sani."

Hedimasta Gershon ya gyara tabarau, ya ƙura wa yatsun ido.

"Bar shi," ya ce. "Ki ƙara masa girma. Ki ba shi shafi guda."