Dattijon da Bai San Makin Tanis Ba

A ɗakin jira na sashen gashin ƙashi nake kallonsa, wani dattijo mai furfura, sandarsa jingine da gwiwa. Hannunsa na hagu yana kwance a cinya, ba ya motsi. Ya rame, amma faɗin kafaɗunsa ya sa nake jin ya sha ɗaukar kaya masu nauyi kafin ciwon ya kayar da shi.

Talabijin na nuna wasan tanis, shi kaɗai ke kallo. Duk inda ƙwallo ta yi, sai kansa ya bi ta.

'Yarsa da ta rako shi tana dariya. "Baba, ko yadda ake ƙirga makin ba ka sani ba."

"Ina ruwana da maki?" in ji shi, harshensa da ɗan nauyi. "Dubi mai farar hular nan. An kusa cinye ta, gwiwarta a ɗaure, amma ta ƙi saduda."

Nas ta kira lambarsa, 'yar ta miƙo hannu.

"Dakata tukuna."

Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, jiki na rawa, ya miƙe da kansa.

"Yawwa, yanzu kawo hannun."