Tsohuwa Mai Lofe da Tarin Babanmu

A gidanmu na wani ƙauye kusa da Dangora, da an idar da sallar magariba Iya takan hura wuta a ƙofar ɗakinta don korar sauro, mu kuma mu kewaye ta da ɗanyar masara muna gasawa. Iya ita ce mahaifiyar Baba. Ni ina da shekara tara a lokacin, ƙanwata Rabi tana da biyar. Rabi yarinya ce mai ciwon ƙirji, in numfashinta ya tashi har fito ake ji yana yi.

A daminar da nake tunawa, ban cika sauraron tatsuniyar da zuciya ɗaya ba. Kunnena ɗaya yana wajen Iya, ɗayan yana gindin darbejiya, inda Baba yake zama a kan turmi a kife. Daga can ba ka ganin komai sai jan wutar sigarinsa, ta yi haske ta dushe. Ya koyo shan taba ne a shekarun da yake bin motar tumatir zuwa kudu. Da farko a ɓoye yake yi a bayan gari, daga baya ya shigo da ita zaure, daga nan har cikin ɗaki. A wannan shekarar tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wanda in ya fara sai ya dafa gwiwa. Wata safiya na je share gindin darbejiyar na ga kakin da ya tofar da jini a ciki. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Baba ɗan fari ne a wurin Iya. Ba ta kama sunansa, ba ta zama ta yi doguwar magana da shi, ko ido ba su cika haɗawa ba. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ku ce da wancan ya zo." Innarmu ta sha yi masa magana a kan tabar har ta gaji. Ita Iya kuwa kunya ta ɗaure mata baki.

Ran nan ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku tare ta." Muka ce ta iso lafiya. Na lura ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce an yi wani maharbi a bakin dajin Falgore, ana ce masa Ɗan Barewa, don da ƙafa yake kamo barewa ba da kibiya ba. Wata rana ya dawo a gajiye, sai ya tarar da wata tsohuwa a gindin tsamiya tana zuƙar lofe, wato tukunyar shan taba, da gora a gefenta. Ta ce masa, "Samari, zo ka ɗana. Wannan yana kashe gajiya, yana korar damuwa." Ya tambaye ta me zai biya. Ta ce, "Ba komai. Duk zuƙa ɗaya dai, ka bar mini numfashi ɗaya in sa a gorata." Ya yi dariya ya ce numfashi ai ba ya ƙarewa, ta ɗiba yadda take so.

Iya ta kwaikwayi muryar tsohuwar, siririya mai daɗi, har Rabi ta matso jikina. A daidai nan tarin Baba ya tashi. Iya ta riƙa juya masara har ya lafa, sannan ta ci gaba.

Kullum Ɗan Barewa sai ya biya gindin tsamiya. Haƙoransa suka dafe. Matarsa ta riƙa kau da kai in yana magana. 'Ya'yansa da ke kwana kusa da shi suka fara tari, don hayaƙin yana biyo shi gida a cikin riga. Barewa ta fara tsere masa, ya ce barewar bana ce ta fi gudu. Sai ran nan rafi ya kawo ruwa, ƙaramin ɗansa ya zame ya faɗa. Yana gani daga kan tudu. Ya zabura da gudu, bai yi taku ashirin ba ƙirjinsa ya toshe, ya durƙushe yana haki, ruwa yana tafiya da yaron a kan idonsa.

Ya ja jiki ya je wurin tsohuwa ya ce ta dawo masa da numfashinsa, ko rabi ne. Ta miƙa masa gorar. Ya buɗe ya zazzage, toka ce kawai ta zubo. Ta ce, "Wa ya ce maka ajiyewa nake yi?"

"Yaron fa, Iya?" in ji Rabi.

Iya ba ta taɓa barin yaro ya mutu a tatsuniya ba. Ko kura ce ta haɗiye shi, sai an farke cikinta ya fito. Amma ranar sai ta ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Wanda ya ba ni labarin a nan ya tsaya, ni ma a nan na ajiye shi."

Rabi ta fashe da kuka. Na waiwaya gindin darbejiya na ga wutar sigarin a ƙasa, Baba ya take ta ya fita masallaci, ko kiran isha'i ba a yi ba.

Ya yi kamar mako biyu bai sha ba. Ina ta murna a raina. Sai wata rana na ɗauki rigarsa zan kai wanki na ji warin ya dawo.

Abin da ya raba shi da taba ciwon Rabi ne. Bayan girbi numfashinta ya sarƙe da rana tsaka, leɓɓanta suka canza launi. Baba ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi bakin titi neman ɗan acaɓa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sau biyu yana tsayawa ya jingina da katanga. Maƙwabcinmu ne ya karɓe ta ya ƙarasa da ita. A asibiti a Kiru, ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambaya ko akwai mai shan taba a ɗakin da take kwana. Innarmu ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ni ne." Daga ranar bai ƙara sha ba.

Rabi ta samu sauƙi, tana nan da ranta a Tudun Wada da 'ya'yanta. Shi kuwa tarin bai sake shi ba. Ya yi shekara shida yana fama, a ƙarshe ko alwala sai an riƙe shi, barci ma a zaune yake yi. Iya tana da rai aka fita da gawarsa. Bayan sadakar bakwai na same ta ita kaɗai a ɗaki, ta ce mini, "Ladidi, tatsuniya na ba shi. Da ma tun ranar da na fara jin warin na kama kunnensa."

Na daɗe ina ɗaukar darasin daren nan na masu shan taba ne. Sai bara na gane har da mu da ke zaune kusa da su muna shiru. Ɗana na fari sunan Baba ya ci, muna ce masa Abba, shekararsa goma sha bakwai. Na samu labarin yana zama da abokai suna shan shisha a bayan wani shago a Bebeji. Na kwana biyu ina juya maganar, kunya tana hana ni. A rana ta uku na kira shi ɗaki na rufe ƙofa.

"Umma, ba sigari ba ce fa," in ji shi. "Ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai."

Na ce masa taba ce aka yi wa ƙamshi. Na gaya masa yadda kakansa ya ƙare, ban rage komai ba, har da jinin. Yana kallon tabarma ya ce, "Shekararsa nawa ya rasu?"

Na ce, "Arba'in da huɗu."

Ya ɗago ya dube ni. Shekarun mijina, babansa, ke nan a lokacin. Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba. Yanzu in ya shigo gida yakan zo ya zauna kusa da ni ya gaishe ni, ya san sarai abin da hancina yake nema. Yawancin ranaku ba na jin komai. Ranar da ya gaishe ni daga bakin ƙofa ya wuce, ba na iya cin tuwo.