Baƙar Kwat da Aka Mayar

Wiebke ba ta yarda da duk kwalin da aka dawo da shi ranar Litinin ba. A wannan shago na birnin Bremen, a Jamus, mahaifinta ya tsufa yana sayar da kwat. Tun da ciniki ya koma intanet, aikinta shi ne karɓar kwalayen waɗanda suka fasa saye.

Ga wani dattijo ya shigo, dogo, ya aske gemu har ya yanke haɓa. Yana rungume da buɗaɗɗen kwali, yana kallon ko'ina ban da fuskarta.

"Madam, a taimaka mini da salatif."

Ta leƙa. Baƙar kwat ce, takardar farashi na lilo a hannunta, amma da fil aka mayar da ita. Ta san irinsu: a saya Alhamis, a ci biki Asabar, a mayar Litinin.

"Ba ta yi maka daidai ba ke nan, yallaɓai?"

"Ta yi mini yawa."

Ƙarya yake yi, kafaɗar nan kamar a jikinsa aka yanka ta. Ko wata bazawara yake yaudara da kayan aro? Sai ga busasshen taɓo a gwiwar wandon, irin na wanda ya durƙusa a bakin kabari.

"Dakata," in ji shi. Ya zura hannu a aljihun kwat ɗin, ya zaro siririn zoben aure na mace, ya damƙe.

"Sau ɗaya na sa. Ba ta son ganina da baƙi."

Wiebke ta kankare taɓon da farcenta, sannan ta manne kwalin.